Kuɗin Mai Da Kunyar Mai Jirgi: Wa Ya Kamata Ya Fara Magana?

Duk wanda ya ɗan jima a garin Greensboro ya san cewa da zarar sanyi ya ja baya, wajen watan Afrilu, za ka fara ganin motoci da sassafe ranar Asabar suna jan ƙananan jiragen ruwa a bayansu. Wasu sun nufi tafkunan gari guda uku da ke arewacin birni, wato Brandt da Higgins da kuma Townsend, wanda shi ne babbansu, faɗinsa ya haura eka 1,500. Wasu kuma sun yi kudu zuwa tafkin High Rock da ke kan kogin Yadkin, inda aka yi babbar gasar kamun kifi ta Bassmaster Classic a shekarun 1994 da 1995 da 1998, ana kawo kifin a auna shi a nan Greensboro. Masu ƙarfin hali kuwa sai su bi hanyar Wilmington ko Morehead City, tafiyar awa uku zuwa huɗu, su shiga teku. A cikin mutanenmu da suka daɗe a wannan gari, 'yan Nijar da 'yan Nijeriya, akwai ɗaiɗaiku da suka sayi jirgi, kuma saboda zumunci sukan kira mu ɗalibai mu bi su. Daga wannan gayyata ne tambayata ta taso. Mutum huɗu sun shiga jirgin mutum ɗaya sun wuni a ruwa. Wa zai biya kuɗin mai? Wa ya kamata ya fara ɗaga maganar? Kifin da aka kama kuma na wane ne?

Na san wani zai ce wannan ai ba abin ɓata takarda ba ne. To amma a irin waɗannan ƙananan abubuwa ne abota take mutuwa a ƙasar nan, kuma mutuwar ba ta da hayaniya. Ba a yi faɗa ba, ba a yi cacar baki ba, kawai dai wayarka ta daina ƙara daren Juma'a. Ka haɗu da mutumin a masallaci ku gaisa da fara'a, ka tambayi iyali ya tambayi karatu, amma ba zai sake cewa ka shirya gobe da asuba ba. Kai kuma har ka gama digirinka ka koma gida ba ka san abin da ka yi ba.

Bari mu fara da lissafi, domin yawancinmu ba mu taɓa zama mun yi shi ba. Mu ƙaddara an tashi daga Greensboro zuwa High Rock. Motar da ke jan jirgi tana shan mai fiye da yadda ta saba, shi kansa injin jirgin yana shan nasa, akwai kuɗin sauke jirgi a wasu mashigai, akwai tana da ƙananan kifin da ake sa wa ƙugiya, akwai ƙanƙara, akwai abinci da ruwan sha. A ce duka sun tashi dala 120, misali kawai nake bayarwa. Wannan shi ne kuɗin da ido yake gani. Wanda ido ba ya gani ya fi shi yawa: inshora, da rajistar jirgi, da gyaran inji, da tayoyin tirela, da wurin ajiye jirgin duk tsawon hunturu. Amurkawa da kansu suna zolayar masu jirgi cewa sun sayi rami ne a cikin ruwa suna zuba masa kuɗi. Saboda haka lokacin da baƙo ya miƙa dala 10 a bakin ruwa yana jin ya yi abin kirki, mai jirgi yana yin wani lissafi daban a zuciyarsa, ko da bakinsa yana cewa, "Haba ɗana, mayar da kuɗinka."

Wannan "mayar da kuɗinka" ita ce gindin maganar. Bahaushe an raine shi a kan kunya da kara. Babba ba ya karɓar kuɗi a hannun yaro, mai masauki ba ya yi wa baƙo lissafi, kuma wanda ya ambaci kuɗi tsakaninsa da aboki sai a ce marowaci ne ko ya zama Bature. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi laccarsa a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, wadda aka buga a 1974, ya jera halaye goma, daga cikinsu akwai karamci da kunya, akwai kuma gaskiya da adalci. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne waɗannan halaye sukan yi karo da juna. Kunya takan hana mutum faɗin gaskiyar abin da ya kashe, karamci kuma yakan danne adalci, har ya zama wanda ya fi kowa kunya a cikin tafiya shi ne kullum yake biya, wanda ya fi kowa ƙarancinta shi ne kullum yake cin riba. Magabata sun ga wannan tun tuni, shi ya sa suka ce kunyar mara kunya asara ce.

To me ya sa kara take aiki a gida ba tare da ta cuci kowa ba? Dalili shi ne a gida akwai littafin bashi wanda ba a rubuta shi ba amma kowa yana karanta shi. Wanda ya ƙi karɓar kuɗin motarka a Katsina yau, ya san kai ɗan wane ne, ya san gidanku, kuma ranar sunan ɗansa ko auren 'yarsa mahaifiyarka za ta je da biki. Mata ma sun fi mu gaskiya a nan, domin su suna riƙe da lissafin biki daidai, wadda ta kawo miki kaza, ke za ki mayar mata da abin da ya ɗara. Gayya ma haka take, ka je gonar wani yau, gobe ya zo taka. Masanin nan na Faransa, Marcel Mauss, ya rubuta littafi a kan kyauta a 1925 inda ya nuna cewa a al'ummu da dama kyauta tana tafe da wajibai uku, bayarwa da karɓa da ramawa. Malaman Malikiyya sun riga shi da ƙarnoni, domin a fiƙihunmu an san kyautar da ake yi don a sāka, har aka ba ta hukunci kusa da na ciniki. Ashe ke nan "bar shi kawai" a gida ba yafewa ba ce gaba ɗaya, jinkirta biya ne zuwa wani lokaci da wata siga.

Ɗalibi a Amurka kuwa ba ya cikin wannan littafi. Ya zo A&T ko UNCG shekara biyu, ya gama, ya tafi Houston ko ya koma Abuja ko Yamai. Mahaifiyarsa ba za ta taɓa kai biki gidan mai jirgi ba. Idan ya karɓi kara irin ta gida alhali ya san ba ya nan lokacin da ramuwa za ta zo, to ya ci rabin al'ada ne ya bar rabin, ya ɗauki mai daɗin ya bar mai nauyin. A ganina wannan ita ce cutar da muke yi ba da niyya ba, kuma muna yin ta ne da sunan ladabi.

Akwai wani abu kuma da na tabbata da yawa daga cikinmu ba su sani ba. Mai jirgi a ƙasar nan ba kunya kaɗai ce ta ɗaure masa baki ba, har da doka. A dokar tarayya ta 1993 da ta shafi lafiyar jiragen fasinja, an bambance abu biyu. Idan mutum ya biya wani abu a matsayin sharaɗin a ɗauke shi, to ya zama fasinjan haya, kuma mai tuƙa shi a ruwan da ke ƙarƙashin ikon tarayya sai yana da lasisin kyaftin daga hukumar tsaron gaɓar teku. Amma idan abokan tafiya suka haɗa ainihin kuɗin tafiyar don raɗin kansu, ko da kuɗi ko da mai ko da abinci, wannan dokar ba ta ɗauke shi kuɗin haya ba. Wato dai idan Alhaji ya ce "ba mai shiga jirgina sai ya ajiye dala 40", yana iya jefa kansa cikin matsala, amma idan kai ka ce "Alhaji, man yau namu ne", babu laifi a kan kowa. Abin ya ba ni mamaki da na fara sanin sa, domin majalisar Amurka ba ta san kara ba, amma ta iso inda kara ta tsaya: akwai bambanci tsakanin abin da aka nema da abin da aka miƙo.

Daga nan ne na yanke hukuncina a kan tambaya ta biyu. Nauyin buɗe maganar kuɗi yana wuyan baƙo ne. Mai jirgi ba zai iya ba, al'adarsa ta hana shi, dokar ƙasar da yake zaune ma ba ta sake masa ba. Shirun da ya yi ba izini ba ne, amana ce ya ba ka, yana jira ya ga ko za ka gane. Kuma buɗe magana iri-iri ne. Akwai tambayar da ake yi don a ji "a'a", irin su "Alhaji ko akwai abin da zan kawo?", ana faɗa ana kallon gefe. Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san amsar wannan tun kafin ya tambaya, don haka tambayar ba ta fitar da shi. Mai niyyar gaskiya ba ya tambaya. Idan an tsaya gidan mai shi ne zai riga kowa sauka ya sa katinsa. Ko ya kira tun ranar Alhamis ya ce, "Baba, mu uku mun riga mun haɗa na mai, ƙanƙara da abinci kuma suna wurina, sai dai ka gaya mini ƙarfe nawa." Ka ga a nan bai bar wa dattijo wurin jin kunya ba, kuma bai mayar da shi direban haya ba.

Za a iya kawo mini suka, kuma sukar tana da ƙarfi. Za a ce kana so ka mayar da zumunci ciniki, kana so mu zama irin mutanen da miji da mata ke raba kuɗin shayi. Mutum ya yi niyyar alheri don Allah, ya ga yaran ƙasarsu cikin kewar gida ya ce bari ya fitar da su su sha iska, kai kuma ka zo kana tura masa kuɗi kamar ka raina kyautarsa, har ka hana shi lada. Wannan gaskiya ne, kuma na san dattawan da idan ka matsa musu da kuɗi ransu zai ɓaci har ga Allah. Mai jirgi yana da haƙƙin ya yi kyauta. Sai dai kyauta ba ta cika kyauta sai mai yin ta yana da damar ƙin yi. Idan an miƙo masa da gaske ya ce a'a, ya yi kyauta. Idan ba wanda ya miƙo, to bai yi zaɓi ba, an bar shi da kaya ne kawai. Bugu da ƙari, baƙunci yana da iyaka ko a Musulunci, domin hadisi ya sanya liyafar baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne, kuma an hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida. In muka auna da wannan, fita ta farko kai baƙo ne, ka ci ka yi godiya. Ta biyu ma a iya cewa haka. Amma wanda ya shiga jirgi sau biyar a bazara ɗaya ya tashi daga baƙo, ya zama abokin su, kuma abokin su yana da kaso a cikin wahala kamar yadda yake da shi a cikin kifi.

Saura yadda za a raba. Nan ma ba a rasa gardama. A cikin jirgi ɗaya za ka samu injiniyan da ya shekara goma sha biyar yana aiki, da direban babbar mota, da ɗalibin da ke rayuwa a kan ɗan alawus na taimaka wa malami. Dala 40 a wurin na farko kuɗin abincin rana ne, a wurin na ƙarshe cefanen mako ne. Aristotal ya ce adalci a rabo ba lallai ne kowa ya samu daidai da kowa ba, a duba gwargwadon kowa, kuma shi ne ya lura cewa abokan tafiyar jirgi sukan kira juna abokai muddin tarayyarsu tana nan. Amma ni abin da ya fi gamsar da ni yana cikin Sahihul Buhari, a farkon littafin tarayya. A can Imamu Buhari ya yi babi a kan abin da Larabawa ke kira nahdu, wato matafiya su haɗa guzuri wuri ɗaya su ci tare, wanda mu muke kira karo-karo, ya kuma nuna cewa Musulmi ba su ga laifi ba don wani ya ci da yawa wani ya ci kaɗan. Hadisin farko da ya kawo a babin ma na bakin teku ne: rundunar mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah, guzuri ya ƙare musu a hanya, ya sa aka tattara abin da ya rage a hannun kowa, yana raba musu har ta kai kowa dabino ɗaya yake samu a wuni, sannan suka iske wani ƙaton kifi a gaɓa wanda suka ci kwana 18. A babin ne kuma aka yabi Ash'ariyyawa, waɗanda idan abinci ya yi musu ƙaranci sukan zuba abin da suke da shi a mayafi ɗaya su raba daidai.

Abin lura a waɗannan labarai shi ne ba a ce kowa ya kawo daidai da na ɗan'uwansa ba, amma kowa ya kawo. Ba wanda ya ɓoye nasa dabinon a aljihu ya zo ya zauna a bakin mayafi. Saboda haka ni ra'ayina shi ne kuɗin da tafiyar ranar ta ci, baƙi su raba shi a tsakaninsu su fitar da mai jirgi, tunda shi ya riga ya kawo jirgi da mota da duk kuɗin da ido ba ya gani. Wanda ba shi da hali ya faɗa tun kafin a tashi, ga mutum ɗaya a keɓe, ba sai an dawo ya fara laluben aljihu yana cewa ya manta walat ba. Mai hali ya cike giɓin a ɓoye. Shi kuma mara halin ya biya da jikinsa: ya zo da wuri ya taya ɗaura jirgi, ya riƙe igiya a mashiga, ya gyara kifi, ya tsaya a wanke jirgi bayan an dawo, lokacin da kowa ya gaji yana son ya tafi gida. Masu jirgi da yawa za su gaya maka cewa wanda ya tsaya wanki ya fi musu wanda ya ba da kuɗi ya shige motarsa.

Shi ma mai cike giɓin akwai nasa sharaɗin. Alƙur'ani ya gargaɗe mu a cikin Suratul Baƙara kada mu ɓata sadaka da gori. Wanda ya biya wa yaro kuɗin mai, sannan ya zo wurin shan shayi bayan sallar isha'i yana cewa "ai su wane sai dai a ɗauke su", ya karɓi kuɗinsa ke nan da riba, ya karɓa daga mutuncin yaron. Gara tun farko ya ce ba zai iya ba.

Maganar kifi ta fi daɗin gardama, domin a nan ne son kai yake fitowa fili. Ƙatuwar tarwaɗa ta kama ƙugiyar wane, to tasa ce? Wanda ya sa koma ya ɗago ta fa, wanda ba don shi ba da ta tsinke zare ta tafi? Mai jirgin da ya shekara bakwai yana koyon inda kifi yake kwanciya har ya kawo ku daidai wurin fa? Masunta na sana'a sun daɗe da warware wannan, domin kusan ko'ina a duniya da kaso ake biyan ma'aikatan jirgin su, jirgi da kayan aiki suna da nasu kason, mutane suna da nasu. Masu farautar kifin whale na Nantucket a ƙarni na 19 haka suka yi, kyaftin da babban kaso, sabon shiga da ɗan mitsitsi. Risalar Ibn Abi Zaid da muka karanta a makarantun zaure ta halatta tarayyar aikin jiki idan aikin iri ɗaya ne kuma a wuri ɗaya ake yin sa, ka ga masunta biyu a jirgi ɗaya sun shiga ciki. Ko a Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, sunan mutum ɗaya ake kira idan an auna giwan ruwan da ya fi girma, amma duk wanda ya kalli yadda ake fito da kifi mai kilo 78 irin na shekarar 2020 daga Matan Fada ya san hannu ɗaya bai ɗauko shi ba.

Mu namu ba sana'a ba ce, dokar jiha ma ta hana sayar da irin kifin wasanni da ake kamawa a tafkunan nan. Don haka rabon ya fi sauƙi in an so. Suna na wanda ƙugiyarsa ta kama ne, shi zai ɗauki hoto ya aika gida a yi ta yaba masa. Nama kuwa na jirgi ne, a zuba wuri ɗaya, mai jirgi ya fara zaɓa, mai iyali ya fi gwauro samu, wanda bai kama komai ba shi ma ya tafi da na miya. Wanda ya zo da ƙaramin akwatin ƙanƙararsa daban yana jefa nasa a ciki yana rufewa, alhali da man jama'a aka kai shi wurin, ya nuna irin tarayyar da yake so, sai a bar shi da ita.

Sai dai a kula, rabon nama bai shafe dokar ruwa ba. A Karolina ta Arewa duk wanda ya kai shekara 16 sai da lasisi zai yi su a ruwan jama'a, na ruwan cikin ƙasa daban, na gaɓar teku kuma daban tun daga 2007, kuma wasu nau'o'in kifi suna da iyakar adadi da ta tsawo. Wanda ya shiga jirgin mutane ba lasisi, ko ya ɓoye kifin da bai kai awo ba a ƙasan ƙanƙara, ba kansa kaɗai ya jawo wa magana ba, domin idan jami'an kula da namun daji suka tsayar da jirgi kowa zai tsaya, kuma ɗalibin da ke zaune da biza ba ya son sunansa a kowace takardar tara. Hadisin nan na mutanen da suka yi ƙuri'a a kan jirgi, wasu suka samu sama wasu ƙasa, na ƙasa suka so huda wurinsu don su ɗebi ruwa, shi ma a littafin tarayya Buhari ya kawo shi. A gida ma ba a faɗa wa Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini.

Sauran ladubban ba sa buƙatar dogon bayani. An ce ƙarfe biyar, ka yi asubarka ka iso kafin biyar, domin kifi ba ya jiran lokacin Bahaushe. Kada ka zo da wani abokinka ba ka faɗa ba, kujeru da rigunan ceto a ƙirge suke. Idan da abokai Amurkawa ake tafiya kuma sun sayi giya, ka faɗa da fara'a tun a kanti cewa kai kasonka a mai da abinci yake, ban taɓa ganin wanda ya ji haushin wannan ba in an faɗa da wuri. Kuma kada ka shiga jirginsu da ayaba, da yawa daga masuntan ƙasar nan sun camfa ta, suna cewa tana korar sa'a. Mu da aka ce mu ne masu camfi, ga shi mun zo mun tarar da nasu.

Akwai ɗaya da ya fi waɗannan nauyi, shi ne sirrin wuri. Mutum ya kai ka inda ya sha wahala kafin ya gano, kai kuma ka danna wayarka ta riƙe wurin, mako mai zuwa sai ga ka a can cikin jirgin wani. Ba dokar da ka karya, ruwan na jama'a ne. Amma kuɗin man da ka biya na tafiyar ranar ne, bai sayi shekarun da mutumin ya yi yana nema ba. Wannan cin amana ne ko da ba a ce maka "kada ka faɗa" ba, domin abin da al'ada ta sani tamkar an sharɗanta shi ne, kamar yadda malaman fiƙihu suke cewa.

A teku kuma lissafin yakan canza, domin can galibi jirgin haya ake ɗauka. Ƙananan jiragen haya mutum shida suke ɗauka, iyakar lasisin kyaftin ɗin ke nan, kuma wuni guda zuwa can cikin teku daga Morehead City yakan haura dala 1,500, ban da tukuicin yaron jirgi, wanda al'ada ta sa shi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, kuma shi ne mafi yawan abin da yaron yake samu. A nan babu Alhajin da zai ce a bar shi, kowa baƙo ne, rabo daidai ne. Matsalar da takan taso ita ce mutum shida sun yi alkawari, an ba da kafin alƙalami, daren tafiya ɗaya ya kira ya ce ba zai samu zuwa ba. Sau da yawa yakan ɗauka tunda bai je ba babu komai a kansa, sauran biyar kuma kunya ta hana su magana, sai kowa ya ƙara kuɗi yana ƙunƙuni a hanya. Ni a wurina kujerar tasa ce tun ranar da ya ce "ina ciki", domin da maganarsa aka ƙulla ciniki. Ko ya kawo wanda zai maye gurbinsa, ko ya biya kasonsa. Idan rashin lafiya ce ko rasuwa ta hana shi, sai sauran su ɗauke masa, su kuma gaya masa a fili cewa sun ɗauke, kada a bar shi yana zato. Idan kuwa barci ne ko wani uzuri ya fi masa daɗi, to ya aiko da kuɗinsa kafin jirgi ya bar gaɓa, in an dawo kuma a kai masa kasonsa na kifi har gida.